Yadda Ake Zaɓar Birki Ga Ƙaramar Tsohuwar Motar Tsere

Wanda ya samu tsohuwar Mini, ko Austin-Healey Sprite, ko MG Midget, ko Triumph Spitfire, ya ƙudura zai shiga tsere da ita, da wuya ya yi mako guda bai fara kallon hotunan kalifa (abin da ke matse faifan birki) mai fiston huɗu da faifan birki mai huji-huji ba. Kayan suna da ɗaukar ido, ba musu. Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Waɗannan motoci nauyinsu tsakanin kilo 600 ne da 800, tayoyinsu sirara ne, kuma taya ce ke riƙe kwalta ta tsayar da mota. Da zarar birki ya iya kulle taya, duk ƙarfin da ka ƙara masa ba zai rage ko taku ɗaya daga nisan tsayawa ba. Abu uku ake nema a wajensa: ya yi aiki a zagaye na goma sha biyar kamar yadda ya yi a na farko, ya raba aikin tsakanin gaba da baya daidai, kuma ya bar ƙafar direba ta ji lokacin da taya ke gab da sulɓewa. Na jera matakan nan bisa yadda nake ganin ya kamata a bi su, kuma za ka lura sayen manyan kaya sai bayan an gama da ƙananan.

Mataki na ɗaya: littafin dokoki

Kafin ka kwance noti ɗaya, nemo dokokin gasar da za ka shiga. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, tana da sashen dokoki na motocin tarihi da ake kira Appendix K, kuma motar da ta cika sharuɗɗansa ana ba ta takardar shaida mai suna HTP. Tushen dokar shi ne mota ta yi tsere da irin kayan da aka amince mata da su a zamaninta. An kasa shekaru rukuni-rukuni. Rukunin F, alal misali, ya ɗauki 1962 zuwa 1965. Shi ya sa Mini Cooper S ta wannan rukuni, idan ka gan ta a fili irin Goodwood na Ingila, ƙaramin faifai mai inci 7.5 ne a gabanta cikin wili mai inci 10, baya kuma durom, wato ganga mai juyawa da wili wadda takalman birki ke gogawa daga ciki. Da irin wannan birki Paddy Hopkirk ya lashe gasar Monte Carlo a 1964.

Gasar ƙananan ƙungiyoyi ta fi sassauci, amma kowace da nata. Ka ɗauki biro ka amsa waɗannan daga cikin littafin: an yarda a sa faifai inda asali durom ne? Iyakar faɗinsa nawa? An yarda da faifai mai ramukan iska a ciki? Kalifa ta ƙarfen zubi ce dole, ko alminiyam ma ya shiga, kuma fiston nawa? Za a iya cire sabo, wato na'urar da ke taya ƙafa danna birki? Za a iya huda gaban mota don shigar da iska? Direba zai iya sauya rabon birki yana zaune a ciki? Wace taya aka tilasta? Amsoshin nan su kaɗai kan zubar da rabin abin da kake mafarkin saya. Inda kalma ta yi harshen damo, rubuta wa mai duba motoci na gasar ka riƙe amsarsa a rubuce.

Mataki na biyu: auna motar, ka san tayarka

Gasa da yawa na motocin shekarun 1950 da 1960 suna tilasta tayar tsere ta Dunlop irin ta da, mai tsagi. Riƙonta bai kai na tayar zamani mai laushi ba, don haka birkin da zai kulle ta ba sai babba ba. Idan kuwa an ƙyale ka ka sa taya mai manne wa kwalta, lissafin ya sauya: za ka taka birki a makare, da ƙarfi, nauyi ya ƙara zubowa gaba, zafi ya ƙaru.

Ɗora motar a kan sikeli, taya huɗu, da direba a ciki da man da za a fara tsere da shi. Sannan ka yi wannan lissafi. Nauyin da ke komawa gaba idan an taka birki shi ne nauyin mota, sau tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, a raba da nisan da ke tsakanin gatarin gaba da na baya, sau ƙarfin tsayawar. Mu ɗauki misali: mota mai kilo 600, cibiyar nauyi a mita 0.45, nisan gatari mita 2.03 kamar na Mini da Sprite, ƙarfin tsayawa kuma ɗaya cur, wato daidai da ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi. Kilo 133 ne zai tashi daga baya ya koma gaba.

Yanzu duba yadda wannan adadi ɗaya ke haifar da birki iri uku. Mota mai jan gaba wadda kashi 60 na nauyinta ke gaba tana tsaye, kilo 360 ya zama 493, baya ya rage 107 kacal. Gaba na ɗauke da kashi 82 cikin ɗari. Mota mai inji a gaba da tura baya, wadda nauyinta ya kusa rabuwa biyu, gaba zai kai kashi 72. Mai inji a baya irin Hillman Imp ko Fiat 500, idan ta fara da kashi 40 a gaba, wajen kashi 62 za ta tsaya. Ma'ana, a Mini birkin baya kusan ɗan rakiya ne, babban haɗarinsa ma shi ne ya yi yawa. A mai inji a baya kuwa, idan ka zuba ƙarfi duka a gaba, tayoyin gaba za su riƙa kullewa tun na baya ba su fara aikin kirki ba.

Mataki na uku: gyara na asali, sannan ka saurari ciwonsa

Mutane da yawa suna yanke wa birkin asali hukunci alhali wanda suka gwada ya shekara arba'in ba a taɓa shi ba. Fiston ya yi tsatsa, roba ta kumbura, tiyo ya ruɓe daga ciki, boris ya yi lako-lako. Mayar da komai sabo bisa tsarin kamfani tukuna. Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: tsohon lainin birki na iya ƙunsar asbestas, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Kada ka hura shi da iskar kwamfuresa. Jiƙa shi da maganin wanke birki ka goge, da takunkumi a fuskarka.

Daga nan ka je fili ranar gwaji, ka yi zagaye goma a jere, ka lura da abin da feda ke faɗa maka.

Idan feda na nan da tauri amma mota ta ƙi tsayawa, ga wari na tashi, fad, wato abin da ke goga faifai, shi ne ya wuce zafin da zai iya ɗauka. Idan feda ta yi laushi tana nutsewa har ƙasa, man birki ne ya tafasa. Tururi yana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan feda ta yi nisa bayan ka fito daga kwana mai tsanani, amma ka buga ta sau ɗaya ta dawo, to faifai ne ya karkace ya tura fiston baya, saboda boris ya saki ko sandar da wili ke juyawa a kai tana lanƙwasa. Wannan ciwo ya zama ruwan dare a ƙananan motocin nan idan aka sa musu taya mai riƙo, kuma babban faifai ƙara shi yake yi. Idan feda na ƙara nisa a hankali zagaye bayan zagaye, duba durom: ko takalman sun cinye suna son a matso da su, ko durom ɗin ya buɗe don zafi. Idan baya na wutsil-wutsil wajen shiga kwana, rabo ne bai daidaita ba. Idan sitiyari na karkarwa, yawanci fad ne ya shafu a fuskar faifai ba daidai ba, ko faifan bai zauna sosai a mazauninsa ba.

Ciwo shida ke nan, kuma babu ko ɗaya da maganinsa na farko shi ne babbar kalifa.

Mataki na huɗu: mai, tiyo da bututu

Man birki na yau da kullum yana shan danshin iska, kuma gwargwadon ruwan da ya sha, gwargwadon saurin tafasarsa. Mafi ƙarancin zafin tafasa da aka gindaya wa mai ajin DOT 3 shi ne digiri 205 a ma'aunin Selshiyos idan sabo ne, 140 idan ya sha ruwa. DOT 4 yana da 230 da 155, DOT 5.1 kuma 260 da 180. Man tsere na musamman yana haura 300 yana sabo. Dubi tazarar da ke tsakanin lambobin biyu, za ka gane dalilin da ya sa mai mai matsakaicin daraja da aka zuba jiya ya fi mai tsada da ya shekara biyu a mota. Sauya shi gaba ɗaya a farkon kakar tsere, ka zubar da ɗan wanda ke cikin kalifa kafin kowace gasa, kuma gorar da aka buɗe ta daɗe a ajiye kada ta shiga motar tsere.

DOT 5, mara ɗigo ɗaya a baya, wani abu ne daban: na silikon ne. Masu motar ajiya suna son sa don ba ya cin fenti, amma yana riƙe kumfar iska, yana sa feda laushi, kuma ba a gauraya shi da sauran. Ban ga wurinsa a tsere ba. Man inji ko man giya kuwa, ɗigo kaɗan ya isa ya kumbura duk robobin da ke cikin birki.

Tiyon roba a sauya shi da mai cikin Teflon da saƙar ƙarfe mara tsatsa a waje, don ba ya kumbura idan matsi ya hau. Bayan ka ɗaura, juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, mota a ɗage da kuma a ƙasa, ka tabbata bai miƙe ba kuma bai goga taya ba. Bututun jikin mota, mai kauri inci 3/16 a yawancin motocin nan, a yi shi da ƙarfe ko gaurayen jan ƙarfe da nikel. Zallan jan ƙarfe yana taurara da girgiza har ya tsage. A ɗaure shi a jiki kusa-kusa, nesa da salansa.

Mataki na biyar: fad da lainin

A nan kuɗi kaɗan ke kawo sauyi mafi girma. Fad na titi yana kamawa tun da sanyi, amma yakan fara sakewa idan zafi ya wuce digiri 300 da wani abu. Na tsere yana jure ninkin wannan, sai dai wasu ba sa kamawa sai sun yi ɗumi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗauko fad ɗin da aka yi wa babbar mota mai tseren awa shida a sa wa mota mai kilo 650 da za ta yi minti ashirin. Ba zai taɓa kai zafin aikinsa ba, zai riƙa cin faifai kamar magagari, kuma a kwanar farko, inda motoci suka fi cunkushewa, a nan zai fi rauni. Fara da matsakaici, irin Mintex M1144 ko Ferodo DS2500, ka hau sama sai in zafi ya nuna maka ana bukata.

Ka tuna fad yana taɓa rabo. Idan lambar gogayyarsa ta tashi daga 0.35 zuwa 0.45, ƙarfin birkin gaba ya ƙaru da kusan kashi 29, baya kuma yana nan inda yake. A mota mai jan gaba wannan alheri ne. A mai inji a baya, zai iya mayar da kai baya.

Mai durom a gaba ya kai takalmansa a manna musu lainin tsere, a kuma goge su su bi da'irar durom ɗin daidai. Takalmin da tsakiyarsa kaɗai ke taɓawa, wurin nan zai ƙone tun sauran bai yi ɗumi ba.

Mataki na shida: iska

Idan doka ta yarda, jawo tiyon iska daga gaban mota zuwa birki. A faifai mai ramuka a ciki, bakin tiyon ya nufi tsakiya, don faifan da kansa yake tura iska daga ciki zuwa baki. A faifai curarre, yi ƙoƙari iskar ta taɓa fuska biyu, kada ɗaya ta huce ɗaya na ƙuna. Cire farantin kare ƙura na bayan faifai yana taimakawa, amma ka bar ɗan garkuwa ga robobin mahaɗan sitiyari da ke kusa. Wili mai buɗaɗɗun ƙafafu ya fi rufaffen wilin ƙarfe sakin zafi.

Mataki na bakwai: yanzu a yi maganar faifai, durom da kalifa

Aikin birki shi ne mayar da gudu zafi, don haka a lissafa zafin. Mota mai kilo 600 da ta sauko daga kilomita 160 a awa zuwa 60 ta zubar da kusan kilojul 510, wanda ya isa ya kai lita ɗaya da rabi na ruwa daga sanyi zuwa tafasa, kuma cikin daƙiƙa uku ko huɗu. A ce kashi 70 ya tafi gaba, faifai biyu kowanne kilo 2.5 na ƙarfen zubi. Taka ɗaya zai ɗaga zafinsu da wajen digiri 150. Iska da inji suna ɗauke wani kaso, amma lissafin ya nuna girman lamarin. Tambayar ita ce ko faifan zai huce kafin kwana ta gaba. In bai huce ba, zafi kan zafi, har ya wuce ƙarfin fad.

Ga abin da masu ƙara wa inji ƙarfi ke mantawa: zafin yana bin gudu sau kansa. Motar nan idan ta iso kwanar da 180 maimakon 160, abin da za ta zubar ya kai kilojul 667, ƙarin kusan kashi 30. Rage kilo 30 daga jikin mota kuwa ragin kashi 5 ne, kyauta.

Durom yana da rauni biyu. Zafi na maƙalewa a cikinsa, kuma idan ya yi zafi buɗewa yake yi ya nisanci takalma. Faifai a sarari yake, idan ya kumbura ma matsowa yake wajen fad. Tun da Jaguar C-type ta ci tseren Le Mans a 1953 da faifan Dunlop aka san inda aka dosa, kuma ƙananan motoci suka biyo baya: Mini Cooper ta fito da faifai mai inci 7 a 1961, Cooper S da 7.5 a 1963, Sprite da Midget suka samu nasu a 1962. Don haka idan doka ta ba ka faifai a gaba, ɗauka. Idan ta hana, nemi durom na alminiyam mai fiffike da zoben ƙarfe a ciki, irin Alfin ko Minifin, da tsarin da takalma biyu duka ke jan kansu cikin durom. Wannan tsari yana da kamu sosai, amma ka san halinsa: idan lainin ya fara sakewa, ƙarfin na faɗuwa da sauri, kuma ɗan bambanci tsakanin hagu da dama zai ja mota gefe.

A baya fa? A ganina, durom ya wadatar a kusan duk motocin nan in ban da masu inji a baya da aka ƙara wa ƙarfi sosai. Ba shi da nauyi, birkin hannunsa na aiki, kuma kaso kaɗan yake ɗauka. A Mini ma rage shi ake yi: ƙananan silindar cikin durom suna zuwa da faɗi daban-daban, daga rabin inci zuwa inci 3/4, kuma sa ƙarami yana hana baya kullewa.

Girman faifai wili ne ke yanke shi. Mai inci 8.4 na Mini na baya-baya da wili mai inci 12 ya zo. Mai wili 10 yana kan 7.5. Kuma duk kilo da ka ƙara a nan nauyi ne da sifirin ba ya ɗauka, yana hana taya bin gargadar hanya, ga shi sai inji ya juya shi a kowace fita daga kwana. Zaɓi mafi ƙanƙantar faifan da zai jure zafin. Mai huji-huji tsagewa yake farawa daga bakin hujin. Curarre ko mai 'yan tsagi ya fi aminci.

Kalifa kuma ba a auna ta da yawan fiston. Ana lissafa faɗin fuskar fiston na gefe ɗaya ne. Fiston ɗaya mai milimita 48 yana da murabba'in santimita 18.1. Biyu masu milimita 34 a gefe ɗaya sun ba da 18.2. Matsarsu ɗaya ke nan, duk da ɗaya ana kiran ta mai biyu, ɗaya mai huɗu. Ribar mai huɗu ita ce fad mai tsawo da ke cinyewa daidai, da rashin nauyi idan ta alminiyam ce. Idan ka koma fiston mai milimita 54, faɗin ya zama 22.9: matsa ta ƙaru da kusan kashi 27, man da zai sha ma haka, feda ta yi nisa, rabo ya karkata gaba. Shi ya sa ba a sauya kalifa a tsaya nan.

Mataki na takwas: masta, feda da rabo

Motocin nan da yawa sun fito da layin mai guda ɗaya: bututu ɗaya ya fashe, taya huɗu sun rasa birki. Amurka ta tilasta layi biyu a sababbin motoci tun ƙarshen shekarun 1960, kuma dokokin tsere da yawa ko sun yarda a mayar ko sun wajabta. Ko ba a tilasta maka ba, ka yi. Wannan maganar rai ce.

Hanya biyu ce. Ta farko, masta (silindar da feda ke turawa ta matsa mai) ɗaya mai ɗaki biyu a jere, da bawul mai rage matsi a layin baya. Tana da sauƙi, tana da aminci, kuma ta isa mai farawa. Ka sani bawul ɗin ragewa kawai yake yi, ba ya ƙara wa baya komai, don haka birkin baya ya zama ya ɗan fi ƙarfin bukata kafin a sa shi. Idan motar tana da bawul na asali, kamar wanda ke ƙarƙashin bayan Mini, kada ka jera biyu a layi ɗaya.

Ta biyu, masta biyu gefe da gefe, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, da sandar rabo a tsakaninsu wadda feda ke turawa. A nan sai an yi lissafi. Girman da aka fi samu uku ne: inci 0.625 mai faɗin fuska murabba'in santimita 1.98, da 0.70 mai 2.48, da 0.75 mai 2.85. Abin da ke rikita mutane shi ne ƙaramar masta ce ke ba da matsi mai yawa. Babba tana sa feda tauri da gajarta, amma sai ka taka da ƙarfin gaske kafin mota ta ji.

Misali: ƙafa ta danna da kilo 40, feda na ninka ƙarfi sau 5, ya zama 200. Da masta ɗaya mai 0.70, matsi ya kusa 80 a ma'aunin matsi na bar. Da sandar rabo a tsakiya, kowace masta 100 take samu: mai 0.625 ta ba da bar 50, mai 0.70 ta ba da 40. Ka ga ƙarfin ya rabu biyu, shi ya sa wanda ya koma masta biyu bai rage girmansu ba ko bai ƙara ninkin feda ba yakan ji birkin ya zama dutse. Ninkin 5 zuwa 6 shi ne aka saba idan babu sabo. Yawanci ƙaramar masta na gaba, babbar na baya.

Da girman masta ake kawo rabo kusa, sandar ta ƙarasa ɗan abin da ya rage. Idan tazarar sandunan turawa biyu milimita 60 ce, ka matsar da cibiyar milimita 3 wajen mastar gaba, rabon ƙarfi ya zama 55 da 45. Idan sai ka murɗa ta har ƙarshe kafin mota ta daidaita, girman masta ne ba daidai ba.

Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: sandar rabo da aka ɗaura ba daidai ba ta fi masta ɗaya haɗari. A bar ɗan sarari tsakanin maƙalan da hannun feda don sandar ta iya karkata ba ta cije ba. Ta miƙe sosai lokacin da aka danna feda da ƙarfi, ba lokacin da take hutawa ba. Kowace masta ta koma baya gaba ɗaya idan an saki feda, in ba haka ba ramin komawar mai zai toshe, birki ya riƙa kama kansa yana ƙara zafi. Wajen cire iska, a buɗe na taya ɗaya a gaba da na taya ɗaya a baya a tare. Sannan gwajin da ba a tsallakewa: mota a kan jak, buɗe nonon cire iska na layin gaba, taka feda, ka tabbata baya ya kama kafin feda ta taɓa ƙasa, rufe, ka maimaita da layin baya. Sa wani ya taka da iyakar ƙarfinsa kai kuma ka kalli bangon da masta ke ɗaure a kai. Idan yana motsi, ƙarfafa shi, don tsohon ƙarfen nan yakan sha rabin tafiyar feda.

Sabo ba ya ƙara wa mota iya tsayawa, ƙafa kawai yake sauƙaƙa wa. A mota mara nauyi na fi son a cire shi saboda feda ta fi faɗin gaskiya ba tare da shi ba. Amma direban da ƙafarsa ke gajiya a rabin tsere ya bar shi. Birkin da ba ka iya takawa sosai a zagayen ƙarshe bai amfane ka ba.

Mataki na tara: zaunar da fad, gwaji da saiti

Sabon fad yana bukatar ya shafa siririn jikinsa a fuskar faifai. Bi umarnin kamfanin. Idan babu, taka matsakaici sau takwas zuwa goma daga kilomita 100 zuwa 30, sannan uku ko huɗu masu ƙarfi, sai ka yi zagaye ɗaya ko biyu ba birki don ya huce. Kada ka tsaya cak ƙafarka na kan feda faifai na da zafi; tambarin fad zai zauna a wuri ɗaya, daga nan karkarwa ta fara.

Saitin rabo a rufaffen fili ake yi, da taya mai ɗumi. Taho da kilomita 60 a miƙe, ƙara danna feda a hankali har taya ta kulle, wani yana tsaye can gefe yana kallo. Gaba ya kamata ya riga baya kullewa da ɗan kaɗan. Gaba ya kulle, mota ta zarce a miƙe, ka sassauta ta dawo hannunka. Baya ya riga, juyawa za ta yi. Fara da rabon da ya karkata gaba, ka riƙa matsawa baya da rabin murɗi har baya ya soma motsi, sannan ka dawo kaɗan. Maimaita da babban gudu, da tanki cike da kuma kusan fanko. Idan ana ruwa, riƙon taya ya ragu, nauyin da ke zubowa gaba ma ya ragu, don haka gaba kan kulle da wuri, ana ɗan mayar da rabo baya. Ka gwada wannan ranar atisaye kafin ranar gasa.

Zafi kuma a auna shi, kada a yi ƙiyasi. Akwai fenti na musamman da ake ɗigawa a bakin faifai, kala uku, kowace tana sauyawa a wani mataki tsakanin digiri 400 da wani abu zuwa 600 da 'yan kai, da kuma 'yar takarda mai manne wa kalifa. Idan ko kala ta farko ba ta sauya ba, birkinka ya yi sanyi: toshe rabin tiyon iska ko ka koma fad mai laushi. Idan duka ukun sun sauya kuma ka riga ka yi iska da fad da mai, a lokacin ne faifai mai kauri ko mai ramuka ya cancanci kuɗinka.

Sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta a littafi: fili, yanayi, fad, yawan murɗin sandar rabo, kalar fenti, da abin da ƙafarka ta ji. Bayan kowace gasa cire wili huɗu, auna kaurin fad, haska fitila a faifai ka nemi tsaga, musamman wadda ta kai baki, girgiza wili ka ji boris, matso da takalman baya, ka shafa yatsa a kowane mahaɗin bututu ka ga ko ya jiƙe.